Majistir a ilmun nafs a Saudiyya: wace ƙofa ce ke kai mutum asibiti, wace ce ke tsayawa a aji

Duk shekara, da zarar jami'o'in Saudiyya sun buɗe ƙofar karatun gaba da digirin farko, magana ɗaya ce ke zagaya gidajen Hausawa daga Misfala da Shari' Mansur a Makka har zuwa Jidda da Madina: yarinya ta gama digiri a ilimin halayyar ɗan Adam, wanda a nan kowa ke kira ilmun nafs, yanzu ina aka dosa? Amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin manya ita ce, "A yi majistir kawai, ko a ina ne, ai takarda takarda ce." A wannan fanni ba haka abin yake ba. Mutum biyu na iya riƙe da majistir, wato digiri na biyu, mai suna kusan iri ɗaya, ɗaya ya zauna da marar lafiya a asibiti da izinin hukuma, ɗayan kuwa ko rahoton gwajin basira ba shi da ikon sa wa hannu a matsayin ma'aikacin lafiya. Duk sun yi ƙoƙari, duk sun kwana a kan littafi. Shirin da kowannensu ya shiga ne ya raba su.

Mun duba hanyar gaba ɗayanta, kamar yadda ake jujjuya kaya kafin a biya: shirye-shiryen majistir na jami'o'in ƙasar, hukumar da ke tantance wanda ya gama, da hanyoyin gefe, wato Sudan da Ingila da Amurka da kwasa-kwasan da ake tallatawa a waya. Ra'ayinmu shi ne tsarin yana da oda, kuma yana yi wa wanda ya fara tambayar abin da hukumar lasisi ke nema kafin ya zaɓi jami'a adalci. Wanda ya fara zaɓen jami'a sannan daga baya ya je neman lasisi, sayen kifi a ruwa ya yi.

Hukumar da ake magana ita ce Hukumar Fannonin Lafiya ta Saudiyya, wadda ma'aikatan asibiti ke ce wa Hai'a kawai. An kafa ta a 1992, kuma duk mai son taɓa marar lafiya a ƙasar nan, daga likitan tiyata har mai gwajin jini, sai ya bi ta hannunta. Abu biyu take bayarwa. Na farko tasnif, wato ta dubi takardunka ta ce ga matsayinka. Na biyu tasjil, wato rajistar da ke ba ka lambar aiki, wadda ake sabuntawa idan wa'adinta ya cika bayan ka tara sa'o'in ƙarin ilimi. Duk ta dandalinta na intanet mai suna Mumaris Plus ake yi. Matakan da aka sani su ne akhissa'i wato ƙwararre, akhissa'i awwal wato babban ƙwararre, sai istishari a sama. Mai digirin farko kaɗai yana ƙasan tsani, aikinsa a ƙarƙashin kulawar wani yake. Majistir na asibiti tare da shekarun aiki ne ke ɗaga mutum, matsayin istishari kuwa sai da digirin dakta da ƙarin shekaru a bakin aiki. Hai'a kan gyara ƙa'idojinta lokaci zuwa lokaci, don haka kundin tasnif na shekarar da kake ciki shi ne abin karantawa. Labarin ɗan maƙwabci da aka tantance shekara bakwai da suka wuce ba hujja ba ne.

Kuma kada a ɗauki maganar lasisi wasa. Dokar sana'o'in lafiya ta 2005 ta tanadi ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko tarar da ba ta wuce riyal 100,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya yi aikin lafiya ba da izini ba. Buɗe shafi a Instagram ana karɓar kuɗin "jalsa", wato zaman jinya, da sunan maganin damuwa ba tare da rajista ba wasa da wuta ne, ga wanda ke zaune da igama kuwa, wato takardar izinin zama ta baƙo, abin ya fi haka muni.

Akwai wani ruɗani da ya kamata iyaye su warware tun kafin a kashe riyal ɗaya. Ɗabib nafsi daban, akhissa'i nafsi daban. Na farko likita ne, ya yi karatun likitanci cikakke sannan ya yi shekara 4 na ƙwarewa a cututtukan ƙwaƙwalwa, shi ke rubuta magani. Na biyu, wanda muke magana a kansa, aikinsa gwaji da tantancewa da jinya ta hanyar zama da tattaunawa. Duk yawan digirin da ya tara ba zai rubuta ƙwaya ba. Baban da ke fatan a kira 'yarsa likita mai ba da magani, gara ya san wannan tun yau.

Yanzu ga jami'o'in. Mafi yawan sassan ilmun nafs a Saudiyya ba a cikin kwalejojin lafiya aka haife su ba. A Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad da Jami'ar Ummul Ƙura da ke Makka, sashen yana ƙarƙashin kwalejin tarbiyya. A Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda yana kwalejin adabi, a Jami'ar Imam Muhammad bin Sa'ud kuma yana kwalejin ilimin zamantakewa. Wannan tarihi yana da tasiri a kan abin da ake koyarwa. Rassan da suka fi yawa a irin waɗannan sassa su ne ilmun nafs na tarbiyya, da irshad wato ba da shawara, da ƙiyas wato aunawa da ƙididdiga, da nazarin girman yaro. Karatu ne mai nauyi, kuma a ɓangaren bincike da lissafin ƙididdiga ɗalibansu kan fito da ƙarfi. Wanda burinsa ya zama malamin jami'a, ko mai ba ɗalibai shawara a makaranta, ko ma'aikacin cibiyar sulhunta iyali irin waɗanda Ma'aikatar Albarkatun Ɗan Adam da Ci Gaban Jama'a ke ba lasisi, ko ya shiga sashen ma'aikata na kamfani, nan ne wurinsa, kuma ba zai yi da-na-sani ba. Ga mutanen Makka ma akwai sauƙi babba: Ummul Ƙura tana gida, ba kuɗin haya, ba a raba yarinya da iyayenta.

Amma wanda zuciyarsa ke asibiti, sunan da zai nema a takardar shirin shi ne iklinikiy, wato na asibiti, wasu kuma su ce iyadiy. Irin wannan shiri ya fi ƙaranci, kuma mafi ƙarfinsa yakan kasance a jingine da kwalejin lafiya da asibitin koyarwa. Jami'ar Imam Abdurrahman bin Faisal da ke Dammam ta yi suna da majistir ɗinta na asibiti a ƙarƙashin kwalejin likitanci, Jami'ar Gimbiya Nura ta mata da ke Riyad kuma tana da wannan fanni a kwalejinta ta lafiya. Kujerunsu kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma akasarin littattafan da Ingilishi suke. Reshen irshad shi ne wanda ya fi ruɗa mutane, domin yana tsaye ne a tsakiya. Wani shirin na irshad cike yake da horo a asibiti, wani kuma makaranta kawai ake kai ɗalibansa. Kada ka yi hasashe. Ka tura wa Hai'a tsarin darussan, ka nemi amsa a rubuce.

A nan ne gizo ke saƙa: horon aiki, wanda ake kira tadrib maidani. Shi ne ainihin abin da kake saye da shekara biyunka, kuma shi ne abin da tallan jami'a ya fi yin shiru a kansa. Kafin ka cika fom, ka je sashen da ƙafarka ka yi tambaya. A ina ake horon? Asibitocin Irada na lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, waɗanda a da ake kira asibitocin Amal a Riyad da Jidda da Dammam, da asibitin Ɗa'if na Shihar wanda shi ne na farko irinsa a ƙasar, da asibitocin koyarwa na jami'o'i, su ne wuraren da ɗalibi zai ga cututtuka iri-iri. Sa'a nawa ne, kuma an rubuta su a cikin kashfin darajoji, wato takardar sakamakon darussa, ko a wata takarda mai hatimi? Wa ke sa ido a kanka, kuma shi kansa mene ne matsayinsa a Hai'a? Sau nawa a mako yake zama da kai ku bi bayanan marar lafiya layi-layi? Tambayar da ta fi duka amfani ita ce ta ƙarshe: waɗanda suka gama bara, wane matsayi Hai'a ta ba su? Sashen da ya san ingancin kayansa zai amsa nan take. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba ka amsa.

Dalilin nacewa a kan wannan shi ne akwai horon kallo, akwai horon yi. Ɗalibi na iya shafe wata huɗu yana zaune a kusurwar ɗaki yana kallon ana aiki, a sa masa hannu a takarda, ya fito bai taɓa gudanar da hirar farko da marar lafiya shi kaɗai ba. Majistir na asibiti mai kyau ya kamata ya fitar da mutumin da hannunsa ya faɗa a kan abubuwa sanannu. Ya iya gudanar da gwajin basira na Wechsler, na manya da na yara, wanda kan ci sa'a ɗaya zuwa sa'a ɗaya da rabi, ya riƙe agogo da takardar maki ba tare da ya rikita yaron da ke gabansa ba. Ya iya fassara sakamakon gwajin halayya na MMPI-2 mai tambaya 567, musamman ma'aunan da ke nuna ko mai amsawa yana ɓoye abu ko yana ƙara gishiri. Ya san cewa ma'aunin Beck mai tambaya 21 da PHQ-9 mai tambaya 9, masu auna ciwon damuwa, na tacewa ne kawai, ba su ne ke yanke hukuncin cuta ba, kuma tambaya ta 9 a PHQ-9, wadda ta shafi tunanin mutuwa ko cutar da kai, ba a wuce ta a yi shiru ko da jimlar makin ƙarama ce. Ya san kundin tantance cututtuka na DSM-5-TR na 2022 da ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, da wuraren da suka saɓa. Kuma ya ɗauki aƙalla mutane 'yan kaɗan daga zaman farko har sallama a jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda aka fi sani da CBT, mai ɗaukar zama 12 zuwa 20 a galibi. Shirin da ba ya kai ɗalibi nan, ko da an rubuta iklinikiy da ruwan zinariya a takardarsa, bai cika mudu ba.

Sharuɗɗan shiga ba su da wani sirri. Galibi ana neman sakamakon jayyid jiddan, wato 3.75 cikin 5 ko 2.75 cikin 4, kodayake a shirin asibiti gasa kan tura abin sama da haka nesa. Ana neman makin jarrabawar ƙudurat ta masu digiri wadda cibiyar Ƙiyas ke shiryawa, da makin Ingilishi na STEP ko IELTS, da wasiƙun shaida daga malaman da suka koyar da kai, da yardar wurin aiki ga ma'aikaci, sai ganawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jira sanarwar buɗe ƙofa sannan a tashi neman rajistar jarrabawa. Ƙofar ba ta daɗewa a buɗe, sakamakon kuma ba ya fitowa rana ɗaya. A gama da jarrabawar tun watanni kafin lokaci. Akwai shirin kyauta, akwai na kuɗi wanda kan ci dubun-dubatar riyal, kuma biyan kuɗi ba ya nuna cewa horon ya fi. Wasu shirye-shiryen kuɗin na yamma ne, an tsara su don ma'aikata, alhali asibitoci da safe suke ganin marasa lafiyar waje. Ka tambayi yadda aka haɗa biyun.

Hausawan Saudiyya ba a layi ɗaya suke tsaye ba, kuma gaskiyar nan dole a faɗe ta. Ɗan ƙasa, Hausawi ko Barnawi ko Fallata mai katin ɗan ƙasa, duk ƙofofin nan a buɗe suke gare shi, har da tallafin gwamnati na karatu a waje, kuma shi ake fara dubawa wurin ɗaukar aiki. Wanda aka haifa a nan amma da igama yake zaune, hanyarsa ita ce minha dakhiliyya, wato gurbin karatu na mazauna, ko shirin kuɗi. Mai tahowa daga Kano ko Zinder kuwa minha kharijiyya zai nema ta dandalin Idrus fis Sa'udiyya na Ma'aikatar Ilimi. Ƙa'idar guraben nan ta sa iyakar shekaru: 30 ga majistir, 35 ga dakta. Babban cikas shi ne jami'o'i da yawa kan cire fannonin lafiya daga abin da ɗan minha zai iya nema. Sakamakon haka, shirin da ya fi kai mutum asibiti, wanda ke ƙarƙashin kwalejin lafiya, shi ne ya fi yiwuwa a rufe masa, na kwalejin tarbiyya kuma a buɗe. Wannan ne wurin da muka fi rage wa tsarin maki, domin ba kasafai ake bayyana wa mai nema abin da hakan ke nufi ga lasisinsa ba. Wanda igamarsa ta mutu kuwa, maganar jami'a ba ta taso ba sai an gyara takarda.

Ga wanda ya yi karatu a waje, kafin Hai'a ta dubi takardunsa sai kamfanin DataFlow ya tuntuɓi jami'ar da wuraren aikin da ya ambata, ya tabbatar da cewa takardun daga hannunsu suka fito. Bayan haka, idan an buƙata, sai jarrabawar kwamfuta a cibiyoyin Prometric. Dandalin yana aiki, kana ganin inda fayil ɗinka ya tsaya, kuma ba sai ka san wani ba. Abin da ke tsayar da fayil ɗin Bahaushe galibi ƙananan abubuwa ne. Suna shi ne na ɗaya: Abubakar a fasfo, Abu Bakr a takardar jami'a, Bukar a wasiƙar aiki, ko sunan gari da aka liƙa a matsayin sunan iyali a wata takarda aka bar shi a wata. Sai ranar haihuwa, musamman ga waɗanda aka rubuta wa 1 ga Rajab kamar yadda aka saba yi a da ga wanda ba a san ranarsa ba, aka juya ta zuwa miladiyya ta fito daban da ta fasfo. Sai ofishin rajistar jami'a da ba ya amsa wasiƙa, wanda kan sa rahoton ya dawo da cewa ba a iya tabbatarwa ba. Maganin wannan shi ne ka sa wani ya je ofishin da kansa, ya sanar da su cewa tambaya na zuwa, ya karɓo sunan ma'aikacin da ke amsawa. Sai kashfin darajojin da bai nuna sa'o'in horo ba. Tun kana makaranta ka karɓi wasiƙa daga asibitin da ka yi horo, mai ɗauke da ranar farawa da ta gamawa da yawan sa'o'i da sunan mai kula da kai da hatimi. Neman ta bayan shekara biyar ihu ne bayan hari. Haka kuma wanda ya bar aiki fiye da shekara 2 za a iya ce masa sai ya sake horo kafin a yi masa rajista, abin da kan faɗa wa mata da suka tsaya renon yara.

Digirin da aka yi ta intisab, wato ba da zaman aji ba, ko daga nesa ta intanet, kada a sa ran Hai'a za ta gina tasnif na asibiti a kansa. Duk mai tallata maka majistir iklinikiy na wata goma daga ɗakinka, kuɗinka yake so.

Sudan ta cancanci a tsaya a kanta, domin Hausawa da yawa a nan can suka yi digirin farko, wasu ma can ne gida. Ƙasar tana da tushe mai zurfi a wannan fanni. Tijani al-Mahi, wanda ya rasu a 1970, shi ne likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Sudan, kuma asibitin Omdurman na ɗauke da sunansa. Malik Badri, wanda ya rasu a 2021, ya koyar a Sudan da Saudiyya da Malesiya, kuma shi ne aka fi ambata idan ana maganar daidaita ilmun nafs da aƙidar Musulmi. Jami'ar Khartoum da Jami'ar Ahfad ta mata da ke Omdurman sun yaye ƙwararru da yawa, Ahfad kuma ta yi fice a aikin jinyar waɗanda yaƙi da tashin hankali suka girgiza. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rusa wannan tsari a babban birnin. Jami'o'i sun koma koyarwa ta intanet da shirya jarrabawa a wasu garuruwa da ƙasashe, asibitocin horo da yawa sun tsaya, fitar da takardu ya yi wuya. Ga wanda ya riga ya gama kafin yaƙi, aikin da ke gabansa shi ne ya tattara takardunsa na asali da hatimansu tun yanzu. Ga wanda ya ƙarasa a lokacin yaƙi, ya nemi wasiƙar jami'a da ke bayyana cewa shirin na zaman aji ne tun asali, da inda ya yi horonsa. Fara sabon majistir na asibiti a can a halin da ake ciki, ba mu ba da shawararsa ba, sai in an tabbatar da asibitin horo mai aiki da mai kula tsayayye.

Ingila da Amurka hanya ce mai kyau ga mai hali ko mai tallafin gwamnati, amma akwai tarko. A Ingila majistir na shekara ɗaya mai sunan ilmun nafs na asibiti ba ya mai da mutum ma'aikacin asibiti ko a can ɗin ma. Hanyar sana'ar ita ce digirin dakta na shekara 3 wanda HCPC, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya ta can, ta amince da shi, kuma akasarin kujerunsa hukumar lafiyar ƙasar ce ke biya domin mazauna can. Mutane kan dawo da wancan majistir na shekara ɗaya, mai yawan bincike da ƙarancin horo, su tarar tsugune ba ta ƙare ba. A Amurka akwai PhD, wanda ya ginu a kan tsarin taron Boulder na 1949 mai haɗa bincike da jinya, yakan ci shekara 5 zuwa 7, akwai kuma PsyD da ya samo ƙarfi daga taron Vail na 1973, wanda ya fi karkata ga jinya kuma galibi ɗalibi ke biyan kuɗinsa. Duka biyun suna ƙarewa da shekara guda ta horo cikakke, kuma abin dubawa shi ne ko ƙungiyar masana ilmun nafs ta Amurka, APA, ta amince da shirin. Ɗan ƙasar Saudiyya kuma ya tabbatar jami'ar tana cikin jerin waɗanda Ma'aikatar Ilimi ta yarda da su kafin ya tashi, in ba haka ba mu'adalar takardarsa, wato daidaita ta da digirin Saudiyya, za ta ba shi wahala.

Kwasa-kwasan kwana uku da na mako biyu da suka cika waya, na CBT da na gwajin basira da na horar da rayuwa, suna da amfani ga wanda ya riga ya samu rajista yana neman sa'o'in sabuntawa, muddin Hai'a ta amince da sa'o'in. Ba sa ɗaga matsayi, ba sa maye gurbin majistir. Masu sha'awar aiki da yara masu tawahhud, wato autism, waɗanda ake tallata wa kwas ɗin gyaran ɗabi'a na ABA, su san cewa tun Janairun 2023 hukumar BACB ta Amurka, mai ba da shaidar ƙwarewa a ABA, ta daina karɓar sababbin masu neman shaidarta daga mazauna akasarin ƙasashe, har da Saudiyya. Duk cibiyar da ta yi maka alkawarin waccan shaida, ka tambaye ta ta wace hanya.

Buƙatar ma'aikata kuwa akwai ta. Binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na ƙasar Saudiyya, wanda aka yi a kan mutum kusan 4,000, ya nuna cewa kimanin kashi 34 cikin 100 na 'yan ƙasar kan gamu da wata larurar ƙwaƙwalwa a tsawon rayuwarsu, kuma mafi yawansu ba sa zuwa asibiti. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2014 ta tsara haƙƙin marar lafiya da sharuɗɗan kwantar da shi ba da son ransa ba, kuma ɗalibin da ke shirin ganawar shiga majistir ya kamata ya karanta ta.

Abin da babu shirin da zai koya wa ɗalibi Bahaushe shi ne yadda zai yi da harshensa a ɗakin jinya, alhali shi ne jarin da ya fi takwarorinsa da shi. Tsohuwa daga Shari' Mansur ba za ta ce tana da ikti'ab, wato ciwon damuwa, ba. Cewa za ta yi, "Ɗana, zuciyata ce ke tafasa, kaina ya yi nauyi, barci ya ƙaurace mini." Wani zai ce iska ce ta taɓa shi, wata ta ce sammu aka yi mata, kuma kafin su iso asibiti an riga an yi ruƙiyya an sha rubutu. Ma'aikacin da ya yi musu dariya ya rasa su daga zaman farko, wanda kuma ya gaskata komai bai yi tambaya ba zai iya barin farfaɗiya ko ciwon da ke buƙatar likita ya wuce ta gabansa. Kalmar waswasi kaɗai tana iya nufin shakkar alwala da kowa ke yi jefi-jefi, tana iya nufin cutar da ke sa mutum ya maimaita alwala har lokacin salla ya fita. Tambayar sau nawa, minti nawa, me ke faruwa idan ka ƙi maimaitawa, ita ke raba su. Kalmar taɓin hankali kuwa a kiyaye ta a gaban dangi, domin da an furta ta maganar auren yarinya ta shiga.

Wurin gwaji ne haɗarin ya fi girma. Gwaje-gwajen da ke asibitocin nan da Larabci suke, an kuma daidaita makinsu a kan masu jin Larabci. Yaron da Hausa ake yi masa a gida, ko dattijon da Larabcinsa na kasuwa ne, zai iya faɗuwa a sashen kalmomi na Wechsler ba don ƙarancin basira ba. Kada ma'aikaci ya fassara tambayoyin da bakinsa nan take sannan ya ɗauko makin daga jadawalin Larabawa, domin da ya sauya lafazin tambaya jadawalin ya daina aiki. Abin yi shi ne ya jingina da sassan da ba sa buƙatar magana, irin su jera tubala da gwajin zane na Raven, ya haɗa da bayanin iyaye da malamai kan yadda yaron ke tafiyar da harkokinsa na yau da kullum, sannan ya rubuta ƙarara a rahoton cewa harshen farko na wanda aka gwada Hausa ne, da wane harshe aka yi gwajin, da ko an yi amfani da tafinta. Idan tafintan dole ne, kada ya zama miji ko ɗan marar lafiyar, domin akwai abin da uwa ba za ta taɓa faɗa ta bakin ɗanta ba.